Magajin Garin da Ya Ba Maƙiyan Garinsa Kabari

A makon ƙarshe na watan Oktoba, 1977, birnin Stuttgart da ke kudu maso yammacin Jamus ya yi jana'iza biyu, kwana biyu kacal tsakaninsu. Ta farko, ranar 25 ga wata, ta Hanns Martin Schleyer ce, shugaban ƙungiyar masu masana'antu ta Jamus ta Yamma. 'Yan ta'addar ƙungiyar RAF (Red Army Faction), ta masu tsattsauran ra'ayin gurguzu, ne suka tare motarsa a birnin Kolon ranar 5 ga Satumba, suka kashe direbansa da 'yan sanda uku masu gadinsa, suka tsare shi mako shida, daga baya suka harbe shi suka bar gawarsa a but ɗin mota a garin Mulhouse na Faransa. Shugaban ƙasa Walter Scheel da shugaban gwamnati Helmut Schmidt duk sun halarci taron makokinsa. Ta biyu, ranar 27 ga wata, ta mutum uku ce: Andreas Baader, Gudrun Ensslin da Jan-Carl Raspe, jagororin ita wannan ƙungiya, waɗanda don a tilasta wa gwamnati ta sake su ne aka sace Schleyer tun farko.

Jana'izar farko ba wanda ya yi gardama a kanta. Ta biyun kuwa, da jama'ar gari aka bar wa zaɓi, da ba a yi ta a Stuttgart ba. Mutum ɗaya ne ya sa hannu aka yi ta, magajin garin birnin, Manfred Rommel, lauya, ɗan jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin riƙau, wanda a lokacin bai cika shekara uku a kan kujera ba. Ni a ganina, duk abin da ya gina a shekara 22 da ya yi yana riƙe da birnin bai kai wannan sa hannun nauyi ba, kuma ina so in faɗi dalilina.

Sai an tuna yadda ƙasar take a wannan kaka kafin a gane girman abin. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan RAF sun harbe babban mai gabatar da ƙara na tarayya, Siegfried Buback, a kan titi a Karlsruhe. A ƙarshen Yuli suka kashe shugaban bankin Dresdner, Jürgen Ponto, a cikin gidansa. Sai na Schleyer ya biyo baya. Da gwamnatin Schmidt ta ƙi sakin fursunonin, abokan ƙawancen ƙungiyar suka yi fashin jirgin saman Lufthansa ranar 13 ga Oktoba, suka yi ta yawo da shi daga wannan ƙasa zuwa waccan, suka kashe matuƙinsa a Aden, har suka sauka a Mogadishu. A daren 18 ga wata dakarun Jamus na musamman suka afka wa jirgin suka ceto fasinjojin. Da gari ya waye aka tarar da Baader da Ensslin matattu a ɗakunansu na gidan yarin Stammheim, a gefen Stuttgart, inda suke zaman ɗaurin rai da rai. Raspe ya cika a asibiti. Binciken hukuma ya ce kashe kansu suka yi, magoya bayansu suka ce kashe su aka yi. Kashegari aka tsinci gawar Schleyer.

Schleyer mutumin Stuttgart ne, a nan iyalinsa suke, a nan ya yi aiki cikin manyan kamfanin Daimler-Benz. Ran mutane ya ɓaci matuƙa. Sai ga iyayen Gudrun Ensslin, mahaifinta limamin coci ne da ya yi aiki a wata unguwa ta birnin, sun nemi a ba su wuri su binne 'yarsu tare da abokanta biyu. Ba mai son gawarwakin. Ofishin magajin gari ya cika da wasiƙu da kiran waya na masu fushi, har daga cikin jam'iyyarsa. Rommel bai tsaya kafa kwamiti ba, bai kuma jira a ga inda iska za ta kaɗa ba. Ya ba su wuri a maƙabartar Dornhalden, kabari ɗaya, su uku. Da aka tambaye shi, amsar da ya bayar gajeriya ce: kowace gaba tana da inda ya kamata ta tsaya, a wurinsa kuma ta tsaya ne a mutuwa.

Akwai masu cewa wannan taushin zuciya ne kawai, irin na mutumin da bai san zafin rashi ba. Duk wanda ya san tarihin gidansu ba zai faɗi haka ba.

An haifi Manfred Rommel a Stuttgart ranar 24 ga Disamba, 1928. Mahaifinsa shi ne Erwin Rommel, babban hafsan sojan nan da ya jagoranci rundunar Hitler a hamadar Libiya da Masar, wanda farfagandar gwamnatin Nazi ta ɗaukaka fiye da kowane janar. Manfred ya tashi kamar sauran yaran zamaninsa, da kakin matasan Hitler a jiki. Yana ɗan shekara 14 aka tura shi aikin bindigogin kakkaɓo jirage. Har ya so shiga rundunar SS, dakarun jam'iyyar Nazi, uban ya hana shi. Shi kansa bai taɓa ɓoye wannan ba a tsawon rayuwarsa, kuma ina ganin ƙimarsa a kan haka.

Ranar 14 ga Oktoba, 1944, ya zo gida hutu a ƙauyen Herrlingen kusa da Ulm, inda uban yake jinyar raunin da ya samu a Faransa lokacin da jirgin yaƙi ya buɗe wa motarsa wuta. Da tsakar rana janar biyu, Burgdorf da Maisel, suka iso daga Berlin. An ambaci sunan Erwin Rommel a cikin binciken yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli, sai aka kawo masa zaɓi biyu: ko ya gurfana a gaban kotun Nazi, wanda kowa ya san ƙarshenta, iyalinsa ma su shiga uku, ko kuwa ya sha gubar da suka zo da ita, a kyale matarsa da ɗansa, a kuma yi masa jana'izar ban girma. Uban ya kira yaron ya gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa, ya sa rigarsa, ya ɗauki sandarsa ta hafsa. Manfred, ɗan shekara 15, ya raka shi har bakin mota. Ba a jima ba waya ta yi ƙara daga wani asibiti a Ulm. Aka sanar wa ƙasa cewa raunin yaƙi ne ya kashe gwarzonta. Kwana huɗu bayan haka aka yi taron ban girma a Ulm, da tutoci da kaɗe-kaɗen soja da furannin da Hitler ya aiko, wani babban hafsa ya tashi ya shaida wa duniya cewa zuciyar mamacin tana tare da shugaba. Yaron da uwarsa suna zaune a wurin, sun san wanda ya kashe shi, ba damar buɗe baki.

A daidai wannan lokaci, waɗanda aka kama dumu-dumu cikin yunƙurin ba su samu ko kabari ba. Claus von Stauffenberg, wanda ya dasa wa Hitler bam a yunƙurin, shi ma a Stuttgart ya girma. An harbe shi a daren da abin ya faru, aka binne shi, kashegari aka tono gawar aka ƙone, aka watsar da tokar don kada a bar wurin da wani zai tsaya ya yi addu'a. Wato yaron nan ya ga fuska biyu ta abu ɗaya. Gwamnati ta ɗauki gawar ubansa ta yi ƙarya da ita, ta ɗauki gawar wasu ta huce haushi a kansu. A duka biyun mamacin ya zama kayan aikin masu mulki. Abin da nake gani a hukuncin 1977 shi ne mutumin da ya ƙi yarda birninsa ya yi siyasa da gawa, ko ta wane ne.

Bayan yaƙi ya karanta shari'a a jami'ar Tübingen, ya shiga aikin gwamnatin jihar Baden-Württemberg, wadda Stuttgart ne babban birninta, a 1956, ya yi ta hawa har ya zama babban jami'i a ma'aikatar kuɗi. Da Arnulf Klett, wanda ya riƙe Stuttgart tun 1945, ya rasu a 1974, Rommel ya tsaya takara ya ci. Wannan sashe na rayuwarsa ba shi da wani abin mamaki, sai dai karatun shari'ar yana da muhimmanci ga maganata. Jumlar farko ta tsarin mulkin Jamus na 1949 cewa ta yi mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, kuma ba ta ware kowa ba. Lauya nagari ya san cewa irin wannan jumla ba don mutanen kirki aka rubuta ta ba, domin su ba mai neman taɓa mutuncinsu. An rubuta ta ne saboda ranar da za a kawo wanda kowa ya tsana. Kotu ta riga ta yanke wa mutanen nan uku hukunci, ɗaurin rai da rai, rai kuma ya fita. Ba inda doka ta ce bayan wannan akwai wani ƙarin hukunci da jama'a za su zartar a kan tsofaffi biyu da ke neman inda za su sa 'yarsu.

Ban raina hujjar waɗanda suka ja da shi ba, don tana da nauyi. Na farko, akwai matan da aka mayar zawarawa da 'ya'yan da aka mayar marayu, ciki har da iyalan direba da 'yan sandan da ba a cika tuna sunayensu ba. Idan aka ce wa irin wannan mace gaba ta ƙare, tana da ikon ta ce ba kai za ka faɗa ba, ni aka yi wa. Na biyu, akwai tsoron kada kabarin ya zama wurin ziyara ga masu ɗaukar mutanen a matsayin shahidai. Wannan tsoro ba banza ba ne: ranar jana'izar magoya baya sun zo da yawa, wasu fuska a rufe, suna ɗaga dunƙulallen hannu, 'yan sanda sun kewaye maƙabartar ta ko'ina. Na uku, kuma wannan ya fi ciwo, gabar ba ta ƙare ba. RAF ta ci gaba da kisa, ta kashe shugaban bankin Deutsche, Alfred Herrhausen, a 1989, ta kashe Detlev Rohwedder, shugaban hukumar sayar da kamfanonin tsohuwar Jamus ta Gabas, a 1991, sai a 1998 ta sanar da rushe kanta, bayan ta hallaka sama da mutum 30. Duk wanda ya ce kyautatawar Rommel ta sanyaya zuciyar 'yan ta'adda bai faɗi gaskiya ba.

Amma shi bai yi don su ba. Bai yafe musu a madadin kowa ba, yafiya ta mai haƙƙi ce. Abin da ya ƙi shi ne ya ara wa fushi hatimin hukuma. Zawarar da aka kashe wa miji tana da ikon ta ƙi yafewa har ta koma ga Mahaliccinta. Birni ba shi da wannan ikon, domin birni na kowa ne, maƙabartarsa ma haka. Ranar da magajin gari ya fara tantance gawar da ta cancanci ƙasa da wadda ba ta cancanta ba, to ya buɗe ƙofar da ba shi zai rufe ta ba; wanda zai gaje shi zai zo da nasa jerin sunayen. Sannan akwai wani abu da masu fushi ba su lura da shi ba. Gaba ɗaya da'awar RAF ita ce wai Jamus ta Yamma mulkin Nazi ce da ta sauya riga. Da an wulaƙanta gawarwakin, da an miƙa musu shaidar da suka yi shekaru suna nema da bindiga ba su samu ba.

Wannan batu ya dame ni, to bari in faɗi inda ya samo asali. Shekarun baya, a wata tashar mota, ina jiran mota ta cika, sai aka kwarma ihun ɓarawo. Kafin a ce me, an rufar wa wani saurayi da duka, wannan da gora, wancan da dutse, har da waɗanda ba su san abin da aka sata ba. Da ƙura ta lafa ya riga ya cika. Wani ya yago kwali ya rufa masa a fuska, ƙafafunsa a waje, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan can gefen kwata. Tun hantsi yana nan kwance har bayan azahar, mutane na ratse shi suna wucewa, mai rake na sayar da rakensa. Na ji wani dattijo ya ce a nemo tabarma a suturta shi, aka taso masa da cewa ko shi ma nasu ne. Ya yi shiru. Ni ma da nake tsaye kusa da shi na yi shiru, motarmu ta cika, na shiga na tafi. Har yau idan na tuna silifas ɗin nan sai in ji nauyi a ƙirjina. Shi ya sa ba na ɗaukar abin da Rommel ya yi a matsayin ƙaramin abu. Na san yadda harshe ke nauyi idan taro ya fusata, kuma ni ba kujera ko ƙuri'a nake tsoron rasawa ba.

Abin da ya ƙara min kunya shi ne mu ba baƙin wannan koyarwa ba ne. Tun muna makarantar allo aka karanta mana cewa an wuce da gawar wani Bayahude ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye; da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? An hana mu yi wa gawa kaca-kaca ko a fagen yaƙi. An gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Duk da haka, a Afrilun 2016 sakataren gwamnatin jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami guda bayan rikicin Zariya na Disambar 2015. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗanda aka binne ɗin, kowannensu yana da uwa, kuma uwar ba ta san inda za ta nuna ta ce nan ɗana yake ba. Ba sai mun je Jamus mun koyo cewa wannan ba daidai ba ne. Abin da za mu iya gani a can shi ne yadda yake idan mai riƙe da hatimi ya yi aiki da abin da ya sani a ranar da yin hakan ke da tsada.

Tsadar kuwa ya biya ta. A 1978 gwamnan jihar, Hans Filbinger, ya sauka dole bayan an tono cewa yana da hannu a hukunce-hukuncen kisa lokacin da yake alƙalin sojan ruwa a ƙarshen yaƙin Hitler. Rommel na cikin waɗanda ake ganin za su gaje shi, amma jam'iyya ta zaɓi Lothar Späth. Mutane da yawa sun danganta faɗuwar tasa da batun kabarin, da kuma yadda ya tsaya wa shugaban gidan wasan kwaikwayo na birnin, Claus Peymann, wanda aka yi wa ca saboda ya nemi a tara kuɗin gyaran haƙori ga fursunonin Stammheim. Rommel bai sake neman wata kujera sama da ta magajin gari ba. Su kuwa mutanen Stuttgart, waɗanda suka cika ofishinsa da wasiƙun fushi, da zaɓe ya zagayo a 1982 sai suka ba shi kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'unsu, a 1990 ma suka sake ba shi kwatankwacin haka. Wannan ya koya min wani abu game da jama'a. Mutumin da ke ihu a tasha da rana shi ne dai zai koma gida da dare ya kasa barci, kuma idan ya huce yakan gode wa wanda ya riƙe masa hannu. 'Yan siyasa da yawa muryar ranar kawai suke ji.

Da sau ɗaya ya yi irin wannan, da sai a ce dace ne. A watan Agusta na 1989 wani ɗan Afirka mai neman mafaka ya daɓa wa 'yan sanda biyu wuƙa har lahira a kan wata gada a Stuttgart, shi ma aka harbe shi nan take. Duk baƙar fatar da ke zaune a Turai ya san abin da ke biyo bayan irin wannan labari: kallon da za a yi maka a jirgin ƙasa, kujerar da ke kusa da kai da za ta zauna ba kowa. A wurin makokin 'yan sandan, a gaban abokan aikinsu da iyalansu, Rommel ya roƙi jama'a kada su yi wa baƙi kuɗin goro. Ya ce mai kisan zai iya kasancewa farar fata, zai ma iya kasancewa ɗan asalin yankinsu na Schwaben. Wasu sun ji haushin maganar, suka ce ba wurinta ba ne. Ni kuwa ina ganin nan ne wurinta. A taron lacca kowa zai iya cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. A gaban akwatin gawa biyu ne maganar take da amfani, domin a nan ne ake shirin ɗora wa dubban mutane laifin mutum ɗaya.

Stuttgart gari ne na masana'antu, gidan Mercedes da Porsche da Bosch, kuma tun shekarun 1950 da 1960 ma'aikata suka yi ta kwarara cikinsa daga Italiya, Girka, Yugoslabiya da Turkiyya. A lokacin da manyan jam'iyyarsa ke nanata cewa waɗannan baƙi ne da za su koma gida, Rommel yana ɗaukarsu a matsayin mutanen gari, masu biyan haraji, masu 'ya'ya a makarantun birni. Ba wai ya fi sauran son baƙi ba ne. Aikin magajin gari ne ya nuna masa gaskiya: wanda ke kula da ruwan famfo da shara da motocin haya da maƙabarta ba shi da sukunin yin kamar wasu mazauna garin ba su nan.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi game da kujerar kanta. A jihar Baden-Württemberg jama'a ne ke zaɓen magajin gari kai tsaye, wa'adinsa shekara takwas, shi ne shugaban majalisar birni kuma shugaban ma'aikatanta, tsarin mulkin ƙasa kuma ya ba garuruwa ikon tafiyar da al'amuransu. Gwamna ba zai tashi da safe ya rushe shi ya naɗa kantoma ba. Shi ya sa Rommel ya iya saɓa wa manyan jam'iyyarsa ya kuma kwana a kujerarsa. A Najeriya muna da ƙananan hukumomi 774, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, a kuma daina ɗora musu shugabannin riƙo. Shugaban ƙaramar hukumar da ya san takarda ɗaya daga gidan gwamnati ta isa ta tuɓe shi, da wace zuciya zai tsaya gaban taro ya ce a'a? Ina yawan jin ana cewa matsalarmu rashin mutanen kirki ce. Akwai su. Na ga ɗaya a tashar nan yana neman tabarma. Abin da ba mu tanadar musu ba shi ne wurin tsayawa.

Ba zan mayar da Rommel waliyyi ba. Ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Filbinger, kuma bai juya masa baya ba ko bayan tonon asirin, abin da ni ban gamsu da shi ba. Yadda yake magana a kan mahaifinsa ma akwai sassaucin ɗa a ciki, alhali uban, ko da yaya ƙarshensa ya kasance, ya yi wa Hitler yaƙi da dukkan basirarsa shekara da shekaru. Yana kuma cikin waɗanda suka ɗaura ɗambar gagarumin aikin mayar da tashar jirgin ƙasan birnin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka gabatar a 1994, aikin da ya raba kan mutanen gari, ya jawo zanga-zangar da aka yi wa ruwan barkonon tsohuwa a 2010, kuɗinsa kuma ya ninka abin da aka faɗa tun farko. Mutumin da ya yi suna wajen tsumulmular kuɗin jama'a, ya kamata a ce ya fi haka taka-tsantsan. Waɗannan duk suna cikin lissafinsa.

Sai dai ko a nan akwai abin da ke jan hankalina. Ɗan janar ɗin Hitler ya ƙulla abota ta gaske da 'ya'yan mutanen da suka yaƙi ubansa: David Montgomery, ɗan hafsan Birtaniya da ya karya rundunar Rommel a El Alamein a 1942, da George Patton ƙarami, ɗan janar ɗin Amurka, wanda shi ma ya zama janar ya yi aiki a yankin Stuttgart. Shi da Patton ranar haihuwarsu ɗaya, 24 ga Disamba. Mutumin da aka haifa a cikin gaba, aka yi masa tarbiyya da ita, ta kuma cinye masa uba, sai ya ƙi ya bar wa 'ya'yan zamaninsa ita gado. Mu da muke da garuruwan da aka raba unguwanni bisa addini, inda yaron da bai ga rikicin farko ba ya san gadar da ba ya ƙetarewa, mun san yadda gaba ke wucewa daga uba zuwa ɗa ba tare da kowa ya yi wasiyya da ita ba.

Ya sauka daga mulki a 1996, ya yi shekarun ƙarshe yana fama da cutar makyarkyata, ya rasu ranar 7 ga Nuwamba, 2013, yana da shekara 84. A shekarar da ta biyo baya aka sa wa filin jirgin saman Stuttgart sunansa. An binne shi a unguwar Sillenbuch, a maƙabarta ɗaya da Hanns Martin Schleyer. Su ukun kuwa suna nan a Dornhalden, a wani sashen birnin, ƙarƙashin dutse ɗaya mai ɗauke da sunayensu.